Duwatsun sarƙar da muka yi da fulawa sun yi fumfuna, ina na kuskure?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min. Ilham ce ta saka ni gaba tun da aka ba su hutu wai sai mun yi sarƙa da abin hannu, shekararta 5, ni kuma bana son siyo ƙananan duwatsun roban nan saboda ƙaninta da yake rarrafe komai ya tsinta sai baki. Sai na kwaɓa fulawa da gishiri muka mulmula muka huda da tsinken sakace muka shanya, kwana biyu suka yi tauri ta shafa musu fenti ta zura a zare, ranar ba ku ga murna ba. Yau kwana shida na ɗauko su daga leda na tarar duk sun yi laushi wasu har da baƙin fumfuna, dama tun farko kusan rabi hudar ta toshe ko allura ba ta shiga. Tun safe take kuka wai na kashe mata sarƙa. Ina na kuskure?

Malama Rabi: Wa alaikumus salam Maman Ilham. Gishirin nawa kika zuba, kuma girman duwatsun kamar me?

Maman Ilham: Gaskiya ban auna ba Malama, ɗan barbaɗawa na yi kamar cokali uku a kofi biyu na fulawa. Girman kuma kamar kan babban yatsa.

Malama Rabi: Toh ai nan gizo yake saƙa. Cokali uku ai cin abinci kika kwaɓa ba ƙullun wasa ba 😄 Ma'aunin shi ne kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri cur, ruwa kusan kofi 1 amma kar ki juye shi gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan har ya haɗe ya daina kama hannu, ki murza shi kamar minti goma sai ya yi sumul. Gishirin nan mai yawa shi ke hana fumfuna kama shi kuma shi ke ba shi ƙarfi. Sannan kwana biyu bai isa ba, bayan ne kawai ya bushe cikin yana nan da ɗanyensa, kika zo kika rufe da fenti kika ƙulle a leda, danshin ina zai bi ya fita? Ni a aji idan shanyawa za mu yi sai sun yi kwana biyar zuwa sati muna juya su kullum. In akwai obin ya fi sauri, wuta can ƙasa kamar digiri 100, awa 2 zuwa 3.

Ummu Sadik: Ni na taɓa sa su a obin suka kumbura suka tsattsage kamar an busa musu iska

Malama Rabi: Ko dai wutar ta yi yawa ko kuma fulawar mai haɗe da sinadarin tashi ce kika yi amfani da ita. Ba gasawa ake ba, busarwa ake. Maganar huda kuma Maman Ilham, tsinken sakace ya yi siriri, ƙullun yana komawa ya matse ramin kafin ya bushe. Ki huda da bututun shan lemo ko tsinke mai kauri, in so samu ne ki jera su a jikin tsinken ki ɗora bakinsa biyu a kan gefen faranti mai zurfi yadda duwatsun za su rataye ba sa taɓa ƙasa, ba za su baje gefe ɗaya ba, bayan awa ɗaya ki ɗan jujjuya kowanne don kar ya manne da tsinken.

Baban Yusra: Ni fa ku yi haƙuri zan ɗan saba da ku. Duk wannan wahalar ta mene ne? Dutsen gishiri ko ya bushe ƙarau, ranar da aka yi ruwa iska ta yi danshi sai ya sake tsotsewa, halin gishiri kenan, ku duba na cikin kicin ɗinku yadda yake dunƙulewa da damina. Ga nauyi, ga shi in ya faɗi a siminti ya fashe. Mu takarda muke yi da Yusra, tsohuwar kalanda ko mujalla mai launi. Ka yanka ta doguwa mai tsini, gindin santimita 2 tsawon kamar santimita 25 zuwa 30 ta tafi tana sirancewa har ta ƙare a tsini, ka fara naɗewa daga faffaɗan gefen a jikin tsinke, zagayen farko kar ka sa gam don ya zare daga baya, sai ka kusa ƙarshe ka ɗan shafa farin gam ka danne tsinin. Yana fitowa da ciki a tsakiya kamar ɗan tulu. In ka gama ka surka gam ɗin da ruwa kaɗan ka shafe su sau biyu, ka soka tsinkayen a soso su bushe. Wallahi in ba an faɗa maka ba ba za ka ce takarda ba ce. Matan Yuganda ma sana'a suka mayar da shi har ƙasashen waje ake kai sarƙoƙinsu.

Malama Rabi: Baban Yusra tsakani da Allah, waye yake naɗewar, kai ko Yusra?

Baban Yusra: Toh... tana miƙo min gam 😂

Malama Rabi: Ka gani ko. Abin da nake gudu kenan. 'Yar shekara 5 ba za ta iya naɗe takarda ta matse a jikin siririn tsinke ba, zai warware mata sau uku ta yi fushi ta tashi, uban ya zauna ya yi sarƙa mai kyau a ɗauki hoto a ce yarinya ta yi. Ƙullu kuwa ko ɗan shekara 3 zai mulmula, ya fito a karkace ko wani ya fi wani girma, nasa ne dai. Ni abin da nake nema a aikin nan yatsun yaro su saba da riƙo da matsewa, irin riƙon da zai yi wa fensir gobe, da kuma ido ya bi hannu lokacin da yake zura zare a rami. Kyan sarƙar ba shi ne gabana ba. In kuma lallai takardar ake so, a naɗe ta a jikin bututun shan lemo a shafa gam tun daga farko a bar bututun a ciki, in ya bushe a datse abin da ya fito gefe da gefe da almakashi, ramin ya zauna da faɗinsa, wannan kam 'yan shekara 5 da 6 suna iyawa.

Baban Yusra: Wannan dabarar bututun ban taɓa tunaninta ba, na karɓa. Amma maganar danshi ina nan a kan bakana.

Malama Rabi: Ban musa ba, shi ya sa ake shafe su da banish ko farin gam bayan fenti har cikin ramin, kuma ba a wanka da su.

Sista Hauwa: Na karanta tun daga sama, akwai abin da ya tsaya min a rai tun a saƙon farko. Maman Ilham kin ce kin guji na roba saboda mai rarrafe, sai kika yi na fulawa masu girman kan yatsa. 'Yar uwa ai maƙogwaro bai san bambancin roba da fulawa ba, girma kawai ya sani. Ƙarin abin ma, yanzu Malama ta ce ki zuba kofi guda na gishiri, kuma gaskiya ta faɗa ta fuskar aiki, amma ku sani ƙullun nan ba abin ci ba ne ko kaɗan, gishiri mai yawa haka in ƙaramin yaro ya ci da dama yana ɗaga sinadarin sodiyam a jininsa, amai, ƙishirwa mai tsanani, in ya yi muni har jijjiga. Yawanci ɗacin gishirin yana sa su tofar amma akwai yaran da ba sa tofarwa. Masu kare ko kyanwa a gida su ma su kula. Ita ɗanyar fulawar ma tana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta, a wanke hannu in an gama.

Maman Ilham: Innalillahi, ni wallahi a tunanina tunda kayan kicin ne ko ya ci ba komai. To wane girma ne ya dace Sista?

Sista Hauwa: Akwai ma'aunin da masu gwada kayan wasa suke amfani da shi a Amurka da Turai, wani ɗan bututu ne faɗin bakinsa santimita 3.17, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ba a yarda a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 3 ba. A gida ki ɗauki kwalin da ke tsakiyar tishun banɗaki, ya ɗan fi wancan faɗi don haka ya ma fi tsauri, in dutsen ya wuce ta ciki to ba na hannun ƙaramin ba ne.

Ummu Sadik: Haba Sista, dutsen da ba zai shige kwalin tishu ba ai ba sarƙa ba ce kuma, ƙwallo za ta rataya a wuya 🤣

Sista Hauwa: 😂 Ai ban ce a yi wa Ilham irinsa ba. Nufina babu wani dutsen sarƙa na gaske da ya dace da mai rarrafe, na siya ne ko na gida, don haka kar a yaudari kai da cewa namu na gida ne. A yi aikin lokacin da yake barci ko yana goye, a kan tebur ba a ƙasa ba, a cikin faranti mai baki yadda ba za su gangare ba, kuma a ƙirga. Kun yi 20, a tashi da 20.

Malama Rabi: Ƙananan ajinmu 'yan shekara 2 kwalin tishun ma shi muke yanka musu zobe-zobe su shafa launi su zura a igiya mai kauri, su ma su ji sun yi sarƙa, amma a gabanmu, ana tashi muke karɓe igiyar.

Hajiya Kaka: Ku dai 'ya'yan yanzu komai sai kun sa masa tsoro. Mu da muna yara 'ya'yan itatuwa muke tsinta mu huda da allura mu shirya, idon zakara ja da ɗigon baƙi, wane fenti ne zai kai shi kyau? Ba gam ba obin ba komai, ga mu nan har da jikoki.

Sista Hauwa: Hajiya Allah ya ƙara girma, ki yafe ni amma idon zakara kam ba zan yi shiru ba. Yana cikin 'ya'yan itatuwa mafi guba da aka sani, akwai wani dafi a cikinsa da ake kira abrin. Abin da ya tsare ku shi ne ɓawonsa mai tauri ne sosai, in an haɗiye shi da lafiyarsa sau da yawa haka yake fita, amma da zarar an huda shi ko an tauna an buɗe wa dafin hanya, kuma sarƙa ai sai an huda. A ƙarshen 2011 a Ingila sai da aka janye wasu abin hannu da aka yi da shi daga shaguna aka ce waɗanda suka saya su mayar. 'Ya'yan zurma ma haka, masu zanen nan mai kyau, su kuma wani dafi ne a ciki da ake kira risin. Dan Allah kar wanda ya ba yaro su.

Hajiya Kaka: Ikon Allah. To Allah ne ya tsare mu kenan, don ni har a baki nake riƙe su in ina zura zare. Na ji 'yata, na janye.

Ummu Sadik: Tunda nawa na gishiri suka ƙi ni na koma wani haɗin kuma shi na fi so, bekin soda kofi 2, garin sitacin masara kofi 1, ruwa kofi 1 da kwata, ki haɗa a tukunya ki ɗora a wuta matsakaiciya kina juyawa ba tsayawa, zai fara kumfa sai kawai ki ga ya kama jikinsa ya tattaru, ki sauke ki juye a kwano ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma ya huce sannan ki murza. Fari tas yake fitowa kuma sumul ba irin gurjin nan na gishiri, launi yana hawansa da kyau. Aibinsa ɗaya in ya bushe da sauri a rana ko gaban fanka yana tsagewa, inuwa yake so, kuma bai kai na gishiri jure faɗuwa ba.

Sista Hauwa: Shi ma sodiyam ne fa, ba na ci ba ne.

Ummu Sadik: Sista yau kin rantse sai kin hana mu sakat 😅 na ji

Baban Yusra: Akwai kuma yumɓun roba na kanti irin su Fimo, shi kam ba ruwansa da danshi ko an wanke shi, ana gasa shi a digiri 110 minti 30. Amma roba ce ta PVC, in ya ƙone hayaƙinsa ba kyau, kuma da tauri kafin ya yi laushi a hannu, na manyan yara ne wannan. Ni dai takardata.

Maman Ilham: To fenti fa? Wancan karon na ruwa na 'yan makaranta muka sa, da ta yi gumi duk ya bi mata wuya. Wata ta ce min in shafa jan farce marar launi a kai.

Malama Rabi: Na ruwan nan dole ya zuba in ba a rufe shi ba. Fentin akirilik ya fi, in ya bushe ruwa ba ya ɗaga shi, ki nemi wanda aka rubuta na yara ne ba guba, amma ki sa mata tsohuwar riga don in ya bushe a tufa ba ya fita. Jan farce yana sa ƙyalli ba ƙarya, sai dai warin nan nasa, in za ki sa ke za ki shafa da kanki a waje ba ita ba, ki bari ya kwana. Ni farin gam na fi yarda da shi, fari yake in an shafa, in ya bushe ya koma garau. Fentin bango ko na ƙarfe da ya rage a gwangwani kuwa kar ma a fara, wasu tsofaffin akwai dalma a ciki. Kina iya zuba kalar abinci a ruwan kwaɓin tun farko ki raba ƙullun kashi uku ko huɗu, ya hutar da ke fentin, amma launin yana dusashewa in ya bushe.

Baban Yusra: Zare fa ba wanda ya taɓo. Ni zaren kamun kifi nake sawa, ba ya tsinkewa ko an ja.

Sista Hauwa: Wanda ba ya tsinkewar shi ne abin tsoro Malam. Yaro yana gudu sarƙa ta maƙale a hannun ƙofa ko a lilo, ko ɗan uwansa ya cafko ta ta baya, gara zaren ya tsinke da wuya ya shaƙe. A Disambar 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan sarƙoƙin da ake rataya wa jarirai don fitar haƙori, bayan wani ɗan wata 18 ya rasu, tasa ce ta shaƙe shi yana barci. Ba a kwanciya da sarƙa, babba ko ƙarami.

Maman Ilham: To yanzu kun sa ni a tsaka mai wuya. In zaren mai ƙarfi ne ya shaƙe yayar, in mai tsinkewa ne duwatsu su watse a ɗaki ƙanin ya bi yana tsinta. Gaba kura baya sayaki kenan, wanne zan ɗauka?

Hajiya Kaka: Wannan kam ku bar min, mai sauƙi ce. Ki ɗaure ƙulli bayan kowane dutse. Ki zura ɗaya ki ƙulla, ki zura ɗaya ki ƙulla, ko ta tsinke ɗaya ne zai faɗi sauran suna riƙe. Haka masu shirya lu'ulu'u mai tsada suke yi. Sai dai zaren ya kasance da kauri yadda ƙullin ba zai shige ramin ba.

Malama Rabi: Hajiya ta gama magana. Ni abin da zan ƙara, kar ki ƙulle bakin biyu da juna ta bayan wuya, ki haɗa su da ɗan abin maƙalawar nan mai ƙar-ƙar na takalmin yara ko ɗan selotef, da an fizga wurin ne zai buɗe. Kuma ki fara da abin hannu a zaren roba mai miƙewa, dutse takwas ko goma an gama kafin ta gaji. Allura ba ta da amfani a nan, ki naɗe bakin zaren da selotef ya yi tsini kamar igiyar takalmi, ɗaya bakin ki ɗaure masa dutse guda don kar tana zurawa suna zubewa ta ƙasa, wannan ba ƙaramin kuka yake jawowa a aji ba. In ta saba sai ki ce mata ja biyu shuɗi ɗaya, ja biyu shuɗi ɗaya, me zai biyo baya? Lissafi take koya ba ta sani ba.

Baban Yusra: Ilham fa tana da gaskiya da ta yi kuka. A kogon Bizmoune na ƙasar Maroko an tono ƙananan bawon dodon koɗin teku guda 33 da aka huda don ratayawa, masana suka ce sun kai shekara dubu 142 ko fiye. Tun lokacin ɗan Adam yake huda abu yana zura zare.

Ummu Sadik: Su nasu ya yi shekara dubu ɗari da arba'in, na Maman Ilham kwana shida 😭😂

Maman Ilham: Ummu Sadik Allah ya shirye ki 🤣

Sista Hauwa: Na ƙarshe daga ni sai in bar ku. Hanci da kunne, 'yan shekara 2 zuwa 5 sun fi kowa cusa dutse a ciki. In ya faru kar a sa tsinke ko ashana a ce za a zaƙulo, ƙara tura shi ake, kuma in ƙwayar shuka ce ko na ƙullu kar a zuba ruwa a kunnen don kumbura zai yi, a kai asibiti. Ƙananan duwatsun nan masu kumbura a ruwa kamar jeli da masu maganaɗisu kuma kar su shigo gidan da ke da ƙaramin yaro sam, su a hanji suke ɓarna.

Maman Ilham: Salam, na dawo da rahoto bayan kwana tara. Mun sake kwaɓi da kofi guda na gishiri, na huda da bututu na rataye su a tsinke kamar yadda Malama ta ce, awa uku a obin sannan na ƙara musu kwana biyu a waje don zuciyata ta kwanta, in ka ƙwanƙwasa su har ƙara suke. Ban gyara mata ko ɗaya ba duk da hannuna yana ƙaiƙayi, akwai wani dogo da ta ce wai kifi ne. Guda 24 muka yi, da muka tashi na ƙirga 23, na ɗage kujeru na kakkaɓe shimfiɗa na buɗe bakin yaro yana barci, ashe madam ce ta ɓoye kifin a aljihu wai ba za a zura shi da sauran ba. Ƙullin Hajiya ya ci min kusan awa guda amma ya zauna. Baban Yusra na ajiye kalandar bara, gindin santimita 2 ka ce ko? In a bututu za mu naɗe sai na ƙara faɗin ko haka zan bar shi?

Baban Yusra: Ki kai shi 3, kuma ki ƙara tsawon, bututu yana cin takarda.